Sifirin Motar Taubashina

Ni maƙeri ne, ɗan maƙeri, a nan Gwandu. Karatuna bai wuce na salla ba, boko kuwa ajin yaƙi da jahilci na leƙa, malamin ya ga yadda nake riƙe alli kamar masaba ya yi mini fatan alheri. Amma a zamanin da gyaɗa ke tashe, kafin mulkin kai, akwai shekarar da na ɗauki kaina injiniyan mota, har mutane suka taya ni ɗauka.

Taubashina ne ya jawo. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina da aure ya kai Kalgo tun ban san kaina ba. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana nake kiransa, shi kuma ya ce mini sarkin gawayi. Ya daɗe yana tuƙa wani Bature likitan shanu, har ranar da bijimi ya take shi a wurin allura, ƙugunsa ya goce, ɗori bai kama daidai ba. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar masa motarsa ta shan iska: 'yar ƙarama, koriya, kujera biyu, ba rufi sai tamfol, ga dogon hanci, ƙafafunta da wayoyi irin na keke. Kwance take da ƙasa kamar ƙadangare.

Taubashina ya tare kusa da maƙerarmu da iyalinsa. Ba ya iya hawan jaki, balle bayan babbar mota. Wannan motar kaɗai ke ɗaukarsa bai yi nishi ba, don laushinta kamar kwalekwale a ruwa kwance. Ƙafarsa ba ta iya taka kuloci, shi ya sa ya koya mini tuƙi a filin idi, yana zagina ina ramawa.

Gwaggo kuwa ta tsufa, idonta ya tafi. Duk mai kifin da ya zo daga Kalgo da saƙo ɗaya yake zuwa: tana son ta ji muryar ɗanta tun tana da sauran kwana. Muka kama hanya bayan ɗaukewar ruwa. To, motocin gyaɗa sun haƙa ramuka biyu a hanyar, sun bar tudu a tsakiya kamar kunyar dawa. Ba mu kai Kambaza ba cikin motar ya hau tudun ya zauna, ƙafafu na juyawa a banza, salansa ta faɗi. Wasu Fulani masu kiwo ne suka taimaka muka cicciɓe ta muka juyo.

Da muka dawo ya ce, “Sarkin gawayi, kai da kake cika baki ba ƙarfen da ya gagare ka, ɗaga min cikin motar ga.”

Na ce, “Bawa na ba ubangijinai umarni? To, gobe in maishe ta raƙumi.”

Na shiga ƙarƙashinta na ga abin da ke riƙe da ita: sifirin, wato fala-falen ƙarfe da aka jera bisa juna, sirara, duk sun kwanta don gajiya. A garin Malisa akwai wata akori-kura da ta mutu, kaji na ƙwai a cikinta. Na je na kwanto nata, masu kauri kamar tafin hannu. Jak ɗinmu na ɗaga mota gajere ne, saboda haka turame muka aro daga cikin gida muka ɗora motar a kai, mata na mita an hana su daka. Na yanke fala-falen daidai tsawo, na sa bakinsu a wuta na naɗe, na huda tsakiya, na ɗaure da noti. Aikin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Da aka zare turamen, motar ta tsaya cak, akuya ma ta iya ratsawa ta ƙarƙashinta.

Ga inda abin ya ɓaci. A maƙera, duk ƙarfen da aka cire daga kayan mutum aka sa masa wani, na maƙera ne. Haka muka tarar, ba wanda ke tambaya, shi ma taubashina ya sani. Kuma ba ƙarfen da maƙeri ke so kamar na sifirin, don yana riƙe kaifi. Ga kakar shinkafa ta matso, kowa lauje yake nema. Ina kwance ƙarƙashin mota baffana, babban maƙerarmu, ya kwashi tsofaffin ya raba wa manya, ni ma aka ba ni kasona, na yi murna. Kafin kasuwa ta zagayo duk sun zama lauje, sun bi mutanen fadama.

Muka sake kama hanya, an fito ana kallonmu. Tudun nan muka wuce shi ko taɓawa ba mu yi ba, na fara waƙa ina yi wa kaina kirari. Amma motar ta zama icce. Sifirin da aka yi don buhunan gyaɗa bai ma san an ɗora masa mutum biyu ba. Kowace tsakuwa sai ta iso har haƙorinka. Na waiga na ga taubashina ya riƙe ƙofa, gumi na zuba, ya ciji leɓe.

Na ce, “Bawa, tsoro kaka ji?”

Bai rama ba. Tun muna yara ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Can ya ce, “Ɗan'uwa, tsaya.” Ɗan'uwa fa ya ce.

Na rage gudu, sai yashi ya kama mu, don yashin hanyar nan sai da gudu ake ƙetare shi. Mu yi gudu, ƙugunsa. Mu yi sannu, mu kafe. A gindin wata tsamiya bayan Kambaza na kwantar da shi har la'asar, sannan na lallaɓo da shi gida. Ya yi kwanaki bai taka ba.

Da ya samu sauƙi ya ce, “Maido mata nata. Mu tahi da diga da shebur, mu riƙa sare tudun muna wucewa, ko kwana nawa za mu yi.” Dabara ce mai kyau, ina ma da ita muka fara tun farko. Na tsaya ina susar ƙeya. Ya dube ni ya dubi maƙera, ya gane, ya ce, “Sun tahi yankan shinkafa ko?”

Na rage fala-falen, na bar ɗaya-ɗaya, duk da haka ba ta risina ba. Na dafa su a wuta don su yi laushi, suka lanƙwashe ba su dawo ba. Na cusa katifar rimi a kujera. Muka aika Sakkwato da Gusau, aka ce irin nata sai dai a ƙasar Turawa. Da a ce an jingine tsofaffin ƙarafan nan a bango mako ɗaya rak.

Ƙarshe ni kaɗai na je Kalgo, da goro da turmin atamfa da ya ba ni. Gwaggo ta ji ƙugin mota ta sa aka fito da ita zaure. Ta shafa fuskata, ta sauko hannuwana, ta ji kantar masaba a tafina. Ta ce, “Maƙeri ne.” Sannan ta tambaye ni hanya, ta sa aka kawo mini fura. Na so in ɗauko ta, amma wadda ake ɗagawa a tabarma ina za ta iya abin da ya kayar da ɗanta? Ta rasu kafin a gama sussuka.

Bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ya ɗora ma da na fi samun sauƙi. Bayan an share makoki ya dogaro sandarsa ya zo maƙera, ya zauna a kan kututture yana kallon wuta. Ya ce, “Sarkin gawayi, cikin kasonka ba sauran lauje ko guda?”

Akwai ɗaya da na ajiye wa kaina. Na miƙa masa. Ya gwada kaifin da babban yatsa, ya lanƙwasa bakin kaɗan ya saki, ya koma daidai.

Ya ce, “Ka gani? Laushi gare shi.” Ya saƙale shi a kafaɗa ya tafi gida, shi da ko gonar shinkafa ba shi da ita.