Zaɓen Rimot a Shagon Maikasuwa

Maikasuwa tela ne a ƙauyenmu da ke kusa da Roni, kuma a shagonsa muke zaman majalisa tun muna samari har furfura ta fara kama mu. Daga aji uku na firamare aka cire shi aka kai shi koyon ɗinki, abin kuwa bai taɓa barin ransa ba.

Shekarar da 'yarsa Nafisat ta samu aikin jinya a Kazaure, ta aiko gida da talabijin da dish da farantin sola. Maikasuwa ya kafa ta a shago, ya ce mana an buɗe makaranta. Yana taka keke, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan akwati: labaran duniya, muhawarar 'yan siyasa, zaman majalisar tarayya kai tsaye. Turancin da bai gane ba, sai ya fassara mana da ƙarfin hali. Kafin kaka ya haddace sunayen shugabannin ƙasashen da ba mu san ko ana noman gero a cikinsu ba. Ranar da ake muhawarar kasafin kuɗi kuwa, ya ɗinka wa Daudu ɗan acaɓa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Mu ɗalibansa, ƙwallo muke so da fim ɗin Indiya mai fassara. Da ƙorafi ya yi yawa, sai ya ɗauko gwangwanin madara da maɓallan riga.

"Ku 'yan ƙasa ne masu 'yanci," in ji shi. "Fari labarai, baƙi ƙwallo. Abin da rinjaye ya zaɓa shi za a kalla."

Duk bayan la'asar sai ya miƙe ya yi mana jawabi a kan illar jahilci, muna ta gyaɗa kai. Daudu bai iya jawabi ba, amma yana ɗasawa da mai shayi, sai ya riƙa sayen ƙuri'unmu da shayi. Ni da na fi kowa gyaɗa kai, shayi mai kauri da rabin burodi ya ishe ni canja sheƙa. In an zazzage gwangwani, farin maɓalli ɗaya ake gani, na mai shago.

Ya daure har damina ta yi nisa. Rannan muka zo, babu rimot babu gwangwani.

"An ɗage zaɓe sai ilimi ya wadata," ya ce, ko kallonmu bai yi ba.

"Yaya, wannan ai juyin mulki ne!" in ji Daudu.

"Riƙon ƙwarya ne."

Hayaniya ta kaure har aka jiyo mu cikin gida. Sai ga matarsa Fatu a bakin ƙofa, ta yafa mayafi.

"Malam, wai wa Nafisat ta aiko wa talabijin ɗin nan?"

Duk mun san Fatu aka aiko wa, ita ce uwar Nafisat.

"Kuna ta zaɓe, ko sau ɗaya an miƙo mana maɓalli cikin gida?"

Ita da maƙwabciyarta Saude suka ciccibi akwatin suka yi ciki da shi, rimot ɗin ma Maikasuwa da kansa ya zaro shi daga cikin ƙyallaye ya miƙa.

Da babu abin kallo, sai muka juya bencinmu muna fuskantar hanya. A nan muka lura ruwa ya cinye gefen kwalbatin da muke bi zuwa kasuwar Gwiwa. Maikasuwa ya ce wannan aikin kansila ne, mu je mu same shi. Sai da muka yi gardama a kan sunan kansilan, har da masu rantsuwa, alhali duk mu muka zaɓe shi.

Muka hau babura. A gidansa aka ce yana gidan kallo. Mutumin kirki, da aka tafi hutun rabin lokaci ya fito ya saurare mu. Maikasuwa ya gyara murya, ya faro daga tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa. Bai kai ga kwalbati ba aka dawo wasa. Da ya waiwaya neman shaida, ya tarar tawagarsa duk mun shige ciki mun samu wurin zama.

Shi kaɗai ya ƙarasa maganar, a tsaye cikin rana. Bayan sati biyu tifa ta zo ta juye jar ƙasa a bakin kwalbatin, mu muka baje ta da shebur, muna yi muna yaba wa kanmu.

Yanzu a tsakar gida yake kallo, abin da Fatu ta zaɓa. Ya zama gwani a kan rigakafin yara da adana gyaɗa kada ta yi fumfuna, yakan fito ya karanta mana. Ran nan na tambaye shi ko zai nemi a maido mana akwatin.

"Sabiru," ya ce, "ku bari in huta. Can ciki a ƙalla ana yin shiru in ana labarai."