Tikiti Biyar, Mutum Shida

Bangon da ya raba kicin ɗina da na gidan Sista ba shi da kauri, don haka ranar Asabar da hantsi, ina tsaka da wanke kwanuka, rigimar ta shigo mini kamar a gabana ake yi. Muryar mijinta na fara ji, mutumin da shekara huɗu muna maƙwabtaka ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ko ranar da firij ɗin wani ya danne masa yatsa a matakala.

"Ki ƙirga da kanki. Mu nawa ne a gidan nan?"

Ta ce shida, ai ba yau ta fara ƙirga su ba. Ya ce to ina tikiti na shida? Ta ce mantuwa ce, ita ma mutum ce. Ya ce duk duniya ya yarda tana mantuwa, ban da mace ɗaya, kuma ita ya aura.

Saura kwana goma sha biyu iyalin su tashi zuwa ƙasar waje a dogon hutun makaranta, tafiyar da aka kai shekara ana shirinta. Da safen nan mai sayar da tikiti ya aiko da takardu, maigidan ya baje su a kan tebur don ya ga sunansa a rubuce ya ji daɗi, sai ya tarar da komai biyar-biyar: jirgin sama, jirgin ƙasa, gadajen otal. Akwai nasa, akwai na mahaifiyarsa Iya, da na ƙanwarsa Goggo, da na 'ya'yansu mata biyu, Lauya da Auta. Babu na Sista, wadda ita ta tsara tafiyar tun daga tushe. Da ya buga wa mai tikitin waya, sai ya ce kujera ɗaya ta rage a jirgin, zai riƙe musu ita zuwa azahar ɗin Litinin, bayan nan ba ruwansa.

Sista ita ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin mata na wani babban asibiti. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, agogo maƙale a ƙirjin rigarta, biro uku a aljihu: ja, shuɗi, kore. Na san ofishinta tun lokacin da aka kwantar da yayata a wurinsu. Tsohon ɗakin ajiya ne mai taga ɗaya, da kabad ɗin ƙarfe da ba ya rufuwa sai ta doke shi da gwiwa. A bayan ƙofar jadawalin aiki yake, wanda shekara goma sha huɗu ita ke zana shi da hannu. Ta san wadda take shayarwa, ta san biyun da in aka haɗa su aiki ɗaya sai an raba faɗa, ta san wadda kakarta ke rasuwa duk ƙarshen wata. Sunan kowa yana jere a gefen takardar, ban da nata. Shugaba ba ta shiga layi, tunda ita kullum tana nan. A ƙasa take sa hannu.

Da wannan ta kare kanta ranar Asabar. Ta ce hannunta ne ya saba: ta jera sunayen mutanenta, ta sa hannu a ƙasa, ta aika. Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce matarmu ta mai da mu majinyata, saura ta ɗaura mana ruwa. Lauya, wadda ta samu sunanta saboda ba a gama magana ba ta sa baki ba, ta ce ai shari'a ta ƙare, Baba ya kira mutumin nan ranar Litinin da safe, shi ke nan.

Duk wanda ya ga shirin tafiyar nan zai yarda da ita. Takarda ce mai faɗin tabarmar salla, manne a bangon falo. Mako na farko da jan biro: babban birnin ƙasar, gidajen tarihi, da kasuwar da Goggo ta gani a waya ta hana kowa sakat. Mako na biyu da kore: arewa, can cikin duwatsu, inda ko a tsakiyar zafinsu sai an sa rigar sanyi, kuma ana hawa tsauni a cikin wani akwatin gilashi da ke rataye a waya. Mako na uku da shuɗi: kudu, bakin teku. Ta zaɓi otal ɗin da ɗakunansa ke ƙasa saboda gwiwar Iya. Ta nemo wa Auta kujerar da ke kallon gaba a jirgin ƙasa, don in ta juya wa hanya baya jiri take ji. Ta ƙulla maganin hawan jinin Iya a 'yan ambulan ashirin da ɗaya, kowace da ranarta da lokacin can, ba na nan ba. Ta gano tashar da ke da wurin alwala da wadda babu. Shi maigidan, da yake gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa, abu ɗaya ya roƙa, a kai shi ya ga ƙanƙarar da ba inji ne ya yi ta ba, ta kuwa ware masa yini guda.

Har gwaji sun yi. Tsakanin jirgin da zai sauko da su daga duwatsu da wanda zai kai su teku, minti tara ne kacal, kuma sai an haye gada. Wata Lahadi ta fito da su tsakar gidan benenmu da akwatunansu cike da tsofaffin littattafai, ta ce nan ne jirgi na farko, wurin ajiye motoci shi ne na biyu, matakalar bene ita ce gadar. Ta tsaya da agogonta a hannu. Zagayen farko minti goma sha huɗu suka yi, saboda Goggo ta tsaya gaisawa da matar mai shago. Sista ta ce a can ba wanda ya san ki, ki adana gaisuwarki. Iya ta tattare zani ta ce a sake, ita ba za a ce ita ta sa jirgi ya bar jikokinta ba. A zagaye na uku suka yi minti takwas da rabi, duk mutanen bene muna leƙe ta taga muna tafi, Iya ta ɗaga sandarta sama kamar ta ci kofi.

Sai daga baya na lura cewa a duk zagayen nan uku, ba a ba Sista akwati ba, ita ma ba ta ɗauka ba.

Wani abu kuma ya tsaya mini a rai. Wata biyu da suka wuce na haɗu da ita a matakala tana kaɗa wata takarda, baki har kunne. Hutunta ne aka sa wa hannu, kwana ashirin da ɗaya cif, karo na farko da ta ɗauke shi a dunƙule. Wato ranar cike takardar hutu ta tuna da kanta sarai. Sai a wajen jirgin sama ta manta, ta sake mantawa a jirgin ƙasa, ta kuma mantawa a otal uku daban-daban. Bizarta ma da ta samu, Lauya ce ta cike wa kowa takardar nema.

Ranar Lahadi da la'asar na same ta a saman bene tana kwashe shanya. Na kama mata bakin zanin gado muna ninkewa, na ce, "Anti, ni fa ban yarda ba."

Ta dube ni, ta dubi ƙofar matakala, sannan ta fashe da dariya har ta zauna a kan bokiti. Ta ce ita ma ba shirya abin ta yi ba, wallahi. Ranar da mai tikiti ya tambaye ta mutum nawa, sai kawai ta ji bakinta ya ce biyar. Ta buɗe baki za ta gyara, sai wani sanyi ya ratsa ta tun daga ka har tafin ƙafa, irin wanda take ji in ta cire takalmi bayan aikin awa goma sha biyu. Sai ta rufe bakin.

Ta ce su bakwai ne mata a ɗakin uwarsu. Daga nan makarantar jinya, su takwas a ɗaki. Daga nan aure, kuma watanta biyar da tarewa, Iya ta dawo wurinsu. A asibiti gado talatin da biyu, kowanne da bakin da ke kiran Sista. Shekararta arba'in da tara, ba ta taɓa rufe ƙofa ta san ba mai bugawa ba. Ba ta taɓa shan shayi ya ƙare da zafinsa ba. Tana faɗa idonta na ƙyalli, kamar yadda na Auta ke yi in ana zancen teku. Ta riga ta tsara: ranar farko ba za ta yi komai ba. Rana ta biyu za ta kwanta a tsakiyar gado, ta baje hannuwa. Akwai wata kujera kusa da tagar falo da ita ta saye ta shekara shida da suka wuce, har yau ba ta san yadda zama a kanta yake ba, kullum da mai ita.

Na ce to tekun fa, da duwatsun? Ta ce ai ta je. Ta san lambar kowane jirgi, ta san gefen da rana ke faɗuwa a otal na uku. Sannan, tana murza abin matse shanya a hannu, ta ce abin da ke damunta ɗaya ne: Baban yara zai ɗauka gudunsa take yi. Gobe kafin azahar, ko ta faɗa da bakinta, ko ta shiga jirgi.

Ranar Litinin da safe na kai musu akwatin da na yi alkawarin ara wa Lauya, don haka a gabana aka yi. Maigidan ya fasa fita aiki, yana tsaye a falo da waya a hannu yana neman lambar mai tikiti. Sista na bakin ƙofar kicin da kayan aikinta, tana ta gyara biron aljihunta, ta kasa haɗa ido da shi. Matar da likitoci ke kauce wa hanya.

Iya ce ta yi magana daga kan kujerar taga, ba ta ko ɗago daga carbinta ba. "Ajiye wayar nan."

Ya ce Iya, lokaci na tafiya. Ta ce ta sani, ba makauniya ba ce, ga agogo can. Shekara ashirin take zaune da yarinyar nan, ko rabin ƙwayar magani ba ta taɓa mantawa ba, sai yau za a ce ta manta mutum sukutum? Ta juya wajen Sista ta ce, "'Yar nan, faɗa masa. Ni na haife shi, ba ya cizo."

Sista ta faɗa, a gajarce, tana kallon agogon ƙirjinta. Goggo ta buɗe baki, Iya ta ɗaga mata yatsa, ta mayar. Maigidan ya zauna a hannun kujera, fuskarsa ta canza, ya tambaye ta a hankali ko sun ishe ta ne.

"Ba ku ishe ni ba, Baban yara. So nake in ji kewarku. Tunda na san ku ban taɓa samun dama ba."

Ya juya wayar a hannunsa. Sai ainihin abin da ke cin sa ya fito: to wa zai riƙa ba Iya magani? In sun ɓace a tasha fa? Shi bai taɓa kai yaran nan ko asibiti shi kaɗai ba. Iya ta ce ita ce mai ciwon, ita za ta sha abinta, ai ambulan ɗin ba da yaren aljanu aka rubuta su ba. Lauya ta ce ita ta haddace takardar bangon nan tun watan jiya, a tambaye ta ko'ina. Auta ta ce in dai Mama ba ta zuwa, to za a bar ta ta shiga ruwa har wuya ke nan? Sista ta ce har gwiwa, kuma ta rubuta wannan da jan biro.

Shi ne ya fara dariya. Ya sa wayar a aljihu, ya miƙe ya tsaya gaban takardar, hannu a ƙugu, ya ce a sake nuna masa wajen minti taran nan, daga wace ƙofa ake sauka. Ta ciro biro ta matso kusa da shi. Har aka yi azahar suna nan tsaye, ba wanda ya kira kowa.

Ranar tafiya motar haya ta zo da hantsi. Iya ta shige gaba da rigar sanyi tun daga nan, tana zufa, ta ce gara ta saba. Goggo ta koma ciki sau biyu. Maigidan ya rataya jakar takardu a wuya kamar ɗan makaranta, ya leƙo ta taga ya ce zai kira ta suna sauka. Ta ce sau ɗaya a rana ya isa. Ta tsaya tana ɗaga musu hannu har motar ta sha kwana, ta goge ido da bakin mayafi, sannan ta hau matakala da bibbiyu, ina binta a baya ina haki.

A ƙofarta na ce zan leƙo da yamma in taya ta hira, kada gidan ya yi mata girma. Ta riga ta cire takalmi ɗaya. Ta riƙe ƙofar, ta dube ni tana murmushi.

"Allah ya saka, ƙanwata, amma ba na nan. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce na yi tafiya."