Tayata Ta Karya Hannun Mutum, Amma Ban Sayar Da Motar Ba

Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Ba kunya nake ji ba, akwai dai mutane a cikin labarin nan da ban nemi izininsu ba.

Lokacin da abin ya faru na ɗan haura shekara arba'in. Nas ce ni, irin masu bin tsofaffi gida-gida a arewacin Landan, in wanke miki, in auna sukari, in ba da magani. Muna zaune a Edmonton a flat ɗin council, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, ni da maigidana da 'ya'yanmu mata biyu. Wanda ya gan ni da hijabi da jakar aiki ba zai taɓa kawo wa ransa abin da nake yi ranar hutu ba. Ni haifaffiyar Gembu ce, can kan tsaunin Mambila, kuma mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban jif ne mai hawa da sauka da buhunan masara da fasinja a kan hanyar da damina ke mayarwa kunu. Tun kaina bai kai gilashi ba nake zama kusa da shi. A wurinsa na koyi cewa ba a taka burki da fushi a cikin taɓo, ba a kuma canza giya a tsakiyar ruwa. Da na zo ƙasar nan na yi shekaru ina jan wata 'yar ƙaramar mota daga danja zuwa danja, har na ɗauka wancan ɓangaren nawa ya mutu.

Mijin wata abokiyar aikina ne ya fara gaya mini cewa a ƙauyukan Ingila akwai tsofaffin hanyoyi marasa kwalta da doka ta yarda mota ta bi, akwai kuma tsofaffin ramukan haƙar dutse da ake buɗe wa masu son wasa da mota a laka. Wata Asabar suka tafi da ni Kent, ya ba ni sitiyarinsa. Da gaban motar ya nutse cikin kwari, na ji bayanta yana neman zamewa, hannuna da kansa ya san abin yi. Na fito ɗaya gefen ina hawaye, Turawan suna tafi, sun ɗauka tsoro ne. Kafin shekara ta zagayo na sayi tsohuwar jif tawa. Maigidana mutum ne marar yawan magana, abin da ya ce kawai shi ne in dai ba zan sa shi ya shiga ba, Allah ya sa albarka.

Daga nan na shiga gyare-gyare. Akwai wani gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, can aka ɗaga mini ita sama, aka sa manyan tayoyi masu haƙora, aka ɗaura bamba ta ƙarfe a gaba. Sai bakaniken ya ce in ina so ta tsaya daram a gangare, bari ya sa wasu ƙarafa tsakanin taya da jikin motar, tayoyin su buɗe waje. Na tambaye shi ko doka ta yarda, ya ɗaga kafaɗa ya ce kowa haka yake yi. Ba zan ɗora masa duka ba. A cikin waɗanda muke fita tare akwai wani dattijo da ya zagaya motar, ya dafa tayar da ta leƙo waje, ya ce mini wannan a daji ba komai, amma a kan titi dole jikin mota ya rufe ta. Na yi odar murfin roba da ake ƙara wa saman taya, ya iso, na ajiye kwalin a baranda ina cewa sai na samu lokaci. Kamfanin inshora kuwa ban gaya musu komai ba. A raina na ce MOT ɗina, wato takardar gwajin lafiyar mota ta shekara-shekara, bai ƙare ba, me ya rage?

Wata ranar Lahadi da la'asar na dawo daga fita, motar ta yi buɗu-buɗu da laka har lambar ba ta karantuwa sosai. Na shigo babban titin unguwarmu, go-slow, motoci na tafiya kamar ana jan su. Wani mai kai abinci a kan keke ya zo zai ratsa tsakanina da motocin da aka faka. Ya auna da jikin motar, ya ga zai wuce, kuma da jikin motar ne kawai da ya wuce. Tayar baya ce ta kama masa feda. Na ji ƙara, na duba madubi, na ga mutum a ƙasa, jakar abincin ta fashe a kan titi. Ina buɗe ƙofa na ji ya ce, "Wayyo Allah na, hannuna!" Da Hausa. A tsakiyar Landan, cikin duk mutanen da Allah ya yi, Bahaushe na kayar. Na durƙusa a kansa, kallo ɗaya na yi wa wuyan hannun na san ya karye, karaya kuma ba ƙarama ba. Na cire mayafina na tallafe hannun ina ce masa sannu, sannu Malam, kada ka motsa. Dattijo ne, gemunsa da furfura. Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Hajiya, kai ne ka buge ni?" Daga jin yadda ya ce mini kai na gane mutumin zangon Gana ne. Na ce ni ce.

'Yan sanda suka zo tare da motar asibiti. Ba su yi mini tsawa ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaya ya tsuguna ya ɗora sanda a jikin motar, ya nuna mini yadda tayar ta wuce. Ya duba bambar, ya duba lambar da laka ta rufe, ya ce motar nan ba za ta sake taka titi ba sai an gyara an duba. Aka kira babbar mota ta ɗauke ta. Ina tsaye da laka har gwiwa, kaina ba mayafi sai hula, daidai lokacin da wasu matan da muke haɗuwa a wurin suna da biki suka fito daga shagon Baturke da ledojinsu. Ban isa gida ba hotona ya riga ni shiga group ɗin mata.

Watannin da suka biyo baya ba na fatan maƙiyina ya gan su. Kamfanin inshora suka aiko mai dubawa, ya ga abin da ban faɗa musu ba, aka yi cancel ɗin inshorar. A wurin aiki aka hana ni tuƙi zuwa gidajen marasa lafiya har sai an gama shari'a, na koma bin bas da jaka a kafaɗa cikin ruwan sama, ina isa wurin tsohuwar da ke jiran allura a makare. Dole na kai rahoton kaina ga hukumar da ke riƙe da rajistar aikina, na zauna ina jiran a ce mini ko zan ci gaba da zama nas. A kotu ban yi gardama ba. Aka ci ni tara, aka zuba mini makin laifi a lasin, saura kaɗan a karɓe shi gaba ɗaya. Duk wannan na haɗiye, domin na san ni na jawo wa kaina.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne maganar mutanenmu. Babu wadda ta bugo ta tambayi yadda mutumin yake. Abin da ke yawo shi ne matar aure, uwar 'yan mata, me ya kai ta daji da ƙartin Turawa? Wata ta ce ai Allah ne ya tona asiri. Wata ta ce wa zai auri 'ya'yan mace mai tuƙa motar sojoji. Babbar 'yata ta dawo daga islamiyya ta shige ɗaki, da na matsa mata da Hausa ta amsa mini da Turanci cewa ba za ta koma ba.

A cikin wannan hali muka je duba mutumin, ni da maigidana, a wani ɗaki da yake haya a Peckham a saman shagon kitso. An sa masa ƙarfe a hannu. Iyalinsa suna Kumasi, keken nan ne abincinsu. Na kai masa tuwo da miyar kuka, ya bar kwanon a rufe. Bai yi mini fara'a ba, kuma ban ga laifinsa ba. Na yi ta ba shi haƙuri, cikin ruɗewa na ce wataƙila gaskiyar mutane ce, da na zauna a gida irin sauran mata da hannunsa na nan lafiya. Sai ya ɗaga hannun mai bandeji ya ce, "Hajiya, bar wannan magana. Ko namiji ne a ciki, haka hannun zai karye. Taya ne ya fito. Je ka gyara taya." Bai ce ya yafe ba a ranar. Amma tun da abin ya faru shi ne mutum na farko da ya kira laifina da sunansa.

Bayan 'yan kwanaki yayan maigidana ya taso daga Plumstead. Shi ne babba a danginsu a ƙasar nan, in ya yi magana ba a mayarwa. Na kawo masa shayi, na zauna a ƙasa kamar yadda na saba. Ya yi doguwar nasiha a kan mutuncin gida, sannan ya ce an gama magana, ya ma samo wanda zai sayi motar, in kawo makulli. Na ce, "Yaya, Allah ya ƙara girma. Na karya hannun bawan Allah saboda na bar taya a waje, kuma na ɓoye wa inshora gaskiya. Wannan na amsa a gaban alƙali, zan kuma amsa a gaban Allah. Amma shiga mota in bi hanyar da hukuma ta buɗe, da rana tsaka, da izinin mijina, a gaya mini inda ya zama laifi, yanzu in miƙa makullin." Ya ce ba da ni yake magana ba, ya juya wurin ƙaninsa. Gabana ya faɗi, domin ban taɓa jin maigidana ya musa wa yayansa ko da a kan gishirin miya ba.  Sai maigidana ya ce, "Yaya, motar tata ce." Yaya ya tashi bai sha shayin ba, kuma har yau gaisuwarmu ba ta wuce lafiya lau.

Na gyara motar kamar mai shirya amarya. Aka cire ƙarafan nan, tayoyin suka koma ciki, aka ɗaura murfin da ya sha ƙura a baranda. Na sauke bambar ƙarfe na mayar da ta asali, domin sai a lokacin na tsaya na yi tunanin abin da za ta yi wa yaro in ya fito da gudu. Na kai aka duba aka ɗage hanin. Na nemi kamfanin inshora da ya san irin motocin nan, na lissafa musu komai har fitilar da ke kan rufi, suka karɓe ni da tsada, ban yi ƙorafi ba. Hukumar aikina ta ja mini kunne ta bar ni da aikina. Yanzu duk inda na fito daga laka, kafin tayata ta taɓa kwalta sai na sauka da jarkar ruwa na wanke lamba da fitilu.

Mutumin ya warke, amma yatsunsa ba sa dunƙulewa sosai, ya bar keke ya koma gadi a wani kanti. Da bakinsa ya ce ya yafe daga baya, duk sallah muna gaisawa. Yafiyar ba ta mayar masa da hannunsa ba. Wannan zan tafi da shi kabari, kuma ba na so kowa ya sauƙaƙa mini shi.

Saboda haka ga kirana ga duk mai sha'awar irin wannan wasa, mace ko namiji. Motar da ta dace da daji, titi za ta bi ta koma gida, kuma a titin akwai mai keke, akwai tsohuwa da sanda. Kada bakanike ya ce maka kowa haka yake yi ka yarda. Abin da ka ƙara wa mota, ko ƙusa ce, gaya wa inshora kafin ka tayar da ita. In wanda ya fi ka sani ya dafa wani wuri ya ce gyara, gyara a ranar. Ku kuma 'yan'uwana mata, in kun yi kuskure ku amsa shi tsaf, iya girmansa, amma kada ku bari a haɗa muku da laifin da ba ku yi ba a ce ku sa hannu a kan duka. Masu cewa har yanzu ban yi hankali ba, na ji. Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina Kent tun da hantsi. Mai sauran magana ya same ni a can, amma ya zo da takalmin roba.