Yaya Lawali da Rediyon Motarsa

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Lawali, direban da ya ƙare rayuwarsa a hanyar Damagaram zuwa Zermu. Abin da ya tuno mini da shi samarin unguwar Kara-Kara ne, masu cika bayan mota da manyan lasifika, ganga na bugawa fitilun gaba na lumshewa. Da yana nan da ya tsayar da su ya yi musu faɗa, don shi bai iya ganin ana zaluntar batir ya yi shiru ba.

Kullum bayaninsa ɗaya ne, har mun haddace. Muddin inji na tafiya, dinamo ne ke ciyar da rediyo, yana kuma mayar wa batir abin da ya rasa. In an kashe inji, rediyo batir yake tsotsa, kuma batir ɗin nan shi ne mai tayar da mota. Saboda haka ba mai taɓa masa rediyo mota na tsaye, ko matarsa.

A shekarun fari da yunwa mazan garinmu Zermu suka watse neman abinci, har da mijina Idi. Ba wasiƙa, ba saƙo. Sai dai rediyo kan karanta gaisuwar matafiya, a haɗa da sanarwar rasuwa. Man mota ya yi wuya, tayar da inji don sauraro kawai ya fi ƙarfin Yaya. Ran nan Yaya ya dube ni, ya kashe inji, ya murɗa rediyo da hannunsa.

"Zauna ki ji, Hajara," ya ce. "In ta ƙi tashi, ma tura."

Ya san ko su wa za su tura: tsofaffi da mata masu cin ganye.

Wata la'asar muryar mai karatu ta fara dusashewa. Na ji ya ce, "Idi, mutumin Zermu, wanda yake," sai rediyo ya ɗauke. Yaya ya diro yana kiran jama'a. Muka tura, ni da goyo a baya, har inji ya kama, dinamo ya dawo da murya. Mai karatu ya riga ya wuce zuwa wani suna.

Daga ranar Yaya bai sake yarda da batir ba. Inji yake bari a kunne har a gama shirin, yana ƙona man da zai ci abinci da shi. Haka muka yi har ruwa ya dawo. Sunan bai sake fitowa ba, Idi ma bai dawo ba.

Yaya bai bar gida ba, motar kuwa tuni maƙera suka mayar da ita tukwane. Abin da ya bar mini shi ne wannan: kowa ya ce in haƙura, har mahaifiyarmu, shi kaɗai bai taɓa faɗa ba. Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Yaya. Idi kuwa, har yau ban san wace addu'a zan yi masa ba.