Layin da Ardo Bai Shiga Ba

A duk shekarun da na yi a hukumar zaɓe, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ta zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha a ƙarshen 1991. Ku da kuka zo aiki kuka tarar da akwati da tawada, sai na ɗan yi muku bayani. Lokacin Jigawa jaririya ce, ko wata biyar ba ta yi ba. A ofishinmu na Dutse mutum uku ke raba teburi ɗaya, ni kuma ƙaramin akawu ne. Da ma'aikata suka yi ƙaranci, sai aka watsa har da irinmu ƙauyuka. Ni aka ba ni shugabancin wata rumfa a ƙasar Ringim, a wani ƙauye mai rugar Fulani a bayansa.

Zaɓen wancan lokaci na 'yar tinƙe ne, wanda mutane ke kira ƙato bayan ƙato. Da safe a tantance kowa, a duba katinsa da rajista. In an rufe tantancewa sai a kafa hotunan 'yan takara biyu, don jam'iyyu biyu ne kacal, kowa ya tsaya a gaban wanda yake so, maza layinsu, mata layinsu. Shugaban rumfa ya bi layi yana ƙirgawa da ƙarfi, wakilan jam'iyyu na biye da shi, ya rubuta, su sa hannu. Wanda bai shiga layi ba har aka fara ƙirga, ƙuri'arsa ta faɗi. Kafin mu tashi, jami'in zaɓe na ƙaramar hukuma ya ja mana kunne: duk rumfar da ta ja lokaci har wakili ya ƙi sa hannu, za a iya soke ta, shugabanta kuma ya zo ya yi bayani.

Ni da ma Allah ya yi ni da garaje. Tun da na sauka nake duba agogo kamar wanda mota za ta bari. Akawun da aka haɗa ni da shi, Malam Haladu, malamin firamare ne ɗan garin, ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma komai a sanyaye yake yinsa har ya riƙa ba ni haushi.

Layin gwamna ya tafi lafiya lau. Mutanen ruga sun fito da yawansu, shugabansu Ardo Bello a gaba, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa. Inda ya tsaya nan suka jeru a bayansa. Na ƙirga, na rubuta, na ce a raina yau kafin la'asar ina Ringim.

Sai muka sauke hotunan gwamna muka kafa na majalisa. Ɗaya wani ɗan kasuwar hatsi ne, ɗaya kuma wani matashin malami, Malam Sa'idu. Mutanen gari suka rabu biyu nan take. Ardo kuwa ya ɗaga kai ya dubi hotunan sau ɗaya, ya juya, ya nufi gindin wata tsamiya ya zauna. Mutanensa suka bi shi ɗuu, maza da mata, suka tsaitsaya kewaye da shi. Babu wanda ya shiga layi.

Na buga kira sau uku, "Jama'a a shiga layi!" Ko motsi ba su yi ba. Wakilin ɗan kasuwar, wani Alhaji Ɗanlami, ya matso kusa da ni yana buga agogonsa da yatsa.

"Malam, lokaci ya yi. Ka fara ƙirga."

"Alhaji, ga mutane can an tantance su."

"To ai ba ɗaure su aka yi ba. Doka kuka karanta mana da safe, ko ta canza ne? Wallahi ka ƙara minti biyar, hannuna ba zai hau takardar nan ba."

Gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. In na ƙirga, kusan kashi ɗaya cikin uku na rumfata ya tafi a banza ina kallo. In na jira, a soke rumfar gaba ɗaya, ni kuma in kwashi takardar tuhuma ban shekara a aiki ba. Na kasa tsayuwa, na kasa zama. Na je teburi na dawo, na gyara hoton da ba abin da ya same shi. A zuciyata na riga na yanke wa tsohon hukunci: an saye shi ne ya riƙe mutanensa.

Na faɗa wa Malam Haladu haka, murya ƙasa-ƙasa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba ka san ko wane ne a hoton can ba ko? Sa'idu ɗansa ne. Ɗan fari."

"Ɗansa? To ai shi ya kamata ya fara tsayawa!"

"Haba malam, kai ba ɗan ƙasar nan ba ne? Tun da aka haifi yaron bai taɓa kiran sunansa ba. Baffansa ne ya riƙe shi a Ringim ya sa shi makaranta. Uwarsa ma ka ganta a nan? Ko fitowa ba ta yi ba. Yanzu ya tsaya gaban hotonsa, gari na kallo, kai kana nuna shi da yatsa kana ƙirgawa? Su kuma ba za su wuce gaban Ardo ba. Ɗanlami ya san da haka sarai, shi ya sa yake azalzalarka."

Nan take na gane, domin ni ma ɗan fari ne. Mahaifina har ya koma ga Allah "kai" yake ce mini, kuma ranar da na samu aiki, da na faɗa masa, sai ya tambaye ni ko an ba akuya ruwa. Daga baya na ji ya yanka zakara ya yi sadaka.

Na ce wa wakilan biyu su biyo ni, don kada a ce na je yi wa wani kamfe. Na isa gindin tsamiya na tsuguna.

"Ranka ya daɗe, ban isa in ce ka tsaya nan ko can ba. Amma yanzu zan fara ƙirga, kuma duk wanda ke inuwar nan ƙuri'arsa ta faɗi."

Ya shiga zane a ƙasa da sanda. Ni kuma ina jin bugun agogona har cikin kunne. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam, in mutum ya tafi gida bai yi layi ba, laifi ne a wurin gwamnati?"

"Ba laifi ba ne, ranka ya daɗe."

Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Na bar saniya ba lafiya. Bari in duba ta." Ya saɓa sanda ya bi ta cikin karan dawa, bai waiwayo ba. Kafin ya ɓace, inuwar tsamiya ta zama wayam. Layin Malam Sa'idu ya miƙe har bakin rijiya.

Na bi layi na ƙirga. Alhaji Ɗanlami ya yi ta huci, ya ce na ci masa minti ashirin, ya ce zai kai ƙara. Da na miƙa masa biro ya riƙe shi ya daɗe yana kallon hanyar ruga, sannan ya sa hannu. "Tsohon nan ya gama da ni," in ji shi. A wurin tattara sakamako jami'inmu ya tambayi dalilin da na makara. Na ce, "Ranka ya daɗe, gyaran layi." Ya duba ya ga hannun wakilai biyu, ya ce in ɓace masa da gani.

Malam Sa'idu ya ci kujerar, amma ko shekara biyu majalisar ba ta cika ba soja suka rushe ta. Aka yi ta jeka-ka-dawo har farkon 1999, da aka sake zaɓen majalisar jiha, cikin azumi. Wannan karon dangwale ne a ɓoye: a ba ka takarda, ka shiga bayan zana, ka fito ka jefa a akwati. Na samu ƙarin girma, ina zagaya rumfuna a kan babur, Malam Sa'idu kuma ya sake tsayawa. Da gangan na fara da ƙauyen nan.

Malam Haladu na nan da tabaransa. Ya nuna mini da haɓa. Ardo ne a kan gaba a layin masu jiran takarda, ya ranƙwafa, sandar ta koma ta dogarawa. An ce daga sallar asuba bai koma ruga ba. Ya karɓi takarda, ya shiga bayan zana, ya daɗe har na fara duba agogo, halin dai bai bar ni ba. Ya fito ya jefa, sannan ya tura babban yatsansa mai tawada cikin hannun riga.

Na je na gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, yaya jikin saniya?"

Ya ƙura mini ido har ya gane ni. "Ta warke, malam," in ji shi. "Yau ta warke."

A kwas an koya mana cewa zanar nan ana kafa ta ne don mai tsoron mai gida ko mai unguwa. Gaskiya ne, amma ni na ga wanda ba ya tsoron kowa ya jira ta shekara bakwai. Don haka in an tura ku rumfa, ku duba zanar da kyau kafin ku duba agogo, kuma kafin ku ce an sayi mutum, ku tambayi ɗan gari.