Matar da Ta Auna Rijiyoyin Dala

Malama Bahijja Mikail ta yi shekara ashirin da shida tana auna rijiyoyin cikin birnin Kano, amma har ta yi ritaya babu takardar bincike ko guda ɗaya da ke ɗauke da sunanta. Ba ta nemi kujera ba, ba ta nemi a kai ta ƙasar waje ba. Sunan nan kaɗai take so, kuma rashinsa ya tsaya mata a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

A Dala aka haife ta, a gidan wani baduku mai ɗinka takalma da jakunkuna. Ta yi difloma a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje, aka ɗauke ta a wata cibiyar binciken ruwa da ke bayan ganuwa. Shekara biyu tana wanke kwalabe tana jera su, kafin Dakta Nazeer Mahmud ya dawo daga karatu a Turai da niyyar gano abin da ke haddasa amai da gudawa a cikin gari duk damina.

Dakta ya san ruwa, amma bai san gidan Kano ba. Rijiya a tsakar gida take, namiji baƙo kuwa iyakarsa zaure. Sai ya riƙa miƙa wa masu gida kwalba, su shiga su ciko masa. Mako uku ana gwaji, ruwan kowane gida yana fitowa garau, har Dakta ya fara tunanin na'urarsa ce ta lalace.

"Ranka ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau," in ji Bahijja. "Ruwan famfo suke sayowa su cika maka. Wane magidanci ne zai ba baƙo ruwan da zai kunyata gidansa?"

Daga ranar aikin ya koma hannunta. Da an idar da sallar asuba take fita, domin dole ta riga guga shiga rijiya, in ba haka ba awon ya ɓaci. Tana ɗauke da igiya mai dalma a baki, da kwalabe cikin kula, da littafi. Gida ɗari da arba'in take zagayawa duk wata, daga gindin dutsen Dala har Kabara. A kowane gida sai an gaisa, an tambayi gajiya da yara, sannan a kawo mata ruwa a moɗa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ita kuwa ta fi kowa sanin abin da ke cikin ruwan, don ita ke ganinsa a madubin gwaji. Ranar farko da ta ce ta ƙoshi, wata tsohuwa mai suna Kande ta tare bakin rijiya da jikinta.

"Ke 'yar boko, in ruwanmu guba ne ki faɗa mana. In kuwa ba guba ba ne, kurɓi mu gani. Ba za ki ƙyamaci abinmu sannan ki zura masa igiya ba."

Bahijja ta yi bisimilla ta kurɓa. Haka ta ci gaba da kurɓa gida gida, don ta san ranar da ta ƙi, ranar za a rufe mata ƙofa. Sau uku taifot yana kwantar da ita. A unguwa kuwa aka sa mata suna Mai Kwalabe, mutane suna cewa an kai yarinya makaranta ta dawo 'yar ga-ruwa.

A shekara ta bakwai ta lura da wani abu a littattafanta. Duk inda aka cike kududdufi da shara aka yi gini a kansa, rijiyoyin da ke kewaye sukan tashi fiye da kamu guda bayan ruwan sama na farko mai ƙarfi, kuma bayan kamar mako uku cuta takan ɓulla a gidajen. Ta bi lissafin baya shekara shekara, bai saɓa ba. Ma'ana, da igiya kawai ana iya sanin unguwar da za a gargaɗa tun cuta ba ta iso ba. Ta rubuta bayanin a shafi tara, ta kai wa Dakta.

"Madalla, Malama. Bar min in duba," in ji shi.

Dubawar ta ɗauki shekara biyu. Da ta ƙare sai ga bayanin a wata mujalla ta ƙasar waje, da teburanta, da taswirar da ta zana da hannunta, da sunan Dakta shi kaɗai. A ƙarshen takardar an gode wa "ma'aikatan da suka taimaka wajen ɗebo ruwa". Ba a daɗe ba masana suka fara kiran hanyar Ma'aunin Nazeer, shi kuma ya zama Farfesa.

Ta same shi a ofis. "Ranka ya daɗe, na duba ban ga sunana ba."

"Haba, Malama Bahijja! Irin waɗannan mujallu ba sa sa sunan mai difloma. Ai aikin taimakon al'umma ne, ladanki yana wurin Allah."

"To, na gode," in ji ta. "Ashe an yi rabo ban sani ba. Ni lada, kai suna."

Ya yi dariya kamar wasa take yi. Ita kuwa ta koma bakin aikinta, ta ƙara shekara goma sha bakwai, saboda matan gidajen sun saba jiran ranar da za ta ce musu su fara tafasa ruwa. Mahaifinta ya rasu bai taɓa fahimtar abin da take yi ba. Ranar da ta yi ritaya aka ba ta agogon bango.

Bayan shekara huɗu wata matashiyar mai bincike, Dakta Ikram, ta yi sallama a gidanta ɗauke da kwali. A ɗakin ajiyar cibiyar ta tsinci tsoffin littattafan awon rijiyoyin, gara ta fara cin gefensu.

"Mama, waye ya rubuta wannan?" Ta buɗe wani shafi ta karanta: "Gidan Kande. An yi rasuwa, ban zura igiya ba sai bayan sadakar uku."

"Ni ce."

"Shafi taran nan fa? Kwanan watan da ke kansu ya girmi takardar Farfesa da shekara biyu."

"'Yar nan, in kin zo tayar min da tsohon miki ne, ki sha ruwa ki tafi."

Ikram ba ta tafi ba. Ta rubuta ƙorafi, aka yi wata goma sha ɗaya ana jan ƙafa, sannan cibiyar ta kafa kwamiti. Ranar zaman Bahijja ta hau a-daidaita-sahu daga Ƙofar Wambai, ta tarar da Farfesa ya yi furfura, yana zaune cikin babbar riga. Ya gaishe ta da fara'a, ya kira ta hannun damansa. Da aka ba shi dama ya ce ba ya musun ƙoƙarinta, amma ɗebo ruwa daban, tunanin kimiyya daban, kuma shi ya san rijiyoyin nan kamar tafin hannunsa.

Bahijja ta nemi izinin tambaya ɗaya.

"Ranka ya daɗe, a teburinka na uku akwai rijiya mai lamba sittin da biyu. Ta tashi kamu biyu, amma ba wanda ya yi ciwo a gidan. Ka rubuta cewa kuskuren awo ne. Har yanzu haka kake gani?"

"Haka alƙaluma suka nuna."

"Ba kuskure ba ne. Matar gidan sana'ar rini take yi a ɓoye, mijinta ya hana ta. Da ruwan rijiyar take rini, na sha kuwa saye suke yi. Ban rubuta ba don ta roƙe ni amana. Da ka tambaye ni sau ɗaya, da na gaya maka awona daidai yake."

Farfesa ya cire gilashinsa yana gogewa.

Kwamiti ya yanke cewa a rubuta wa mujallar ta yi gyara. Bayan wata shida Ikram ta kawo takardar. Layi huɗu ne a ƙasan wani shafi, suna cewa an ƙara sunan B. Mikail cikin marubutan binciken. Bahijja ta sa tabarau ta karanta a hankali, ta sake karantawa.

"Sunan ma'aunin fa?"

Ikram ta sunkuyar da kai. "Sun ce duniya ta riga ta saba da shi, Mama. Ba zai canzu ba."

"Ke ma haka kike koya wa ɗalibanki?"

"Ina gaya musu labarinki a aji. Amma a jarrabawa dole su rubuta sunan da ke cikin littafi."

Bahijja ta gyaɗa kai. Ta naɗe takardar gida biyu, ta riƙe ta a cinya.

"To, su rubuta, kada su faɗi saboda ni," in ji ta. "Allah Ya yi miki albarka, kin yi iyakar ƙoƙarinki. Shekara ashirin da biyu ina jiran abin nan. Na zaci zai fi haka nauyi a hannu."