Gidan da Issifu Ya Gina a Dutsen Aburi

Issifu ba magini ba ne, kuma har gobe bakina ba ya son kiransa magini. Mai fasa dutse ne. Daga arewa ya zo unguwarmu ta Nima, ya yi shekara goma sha biyu yana dukan dutse da guduma, sannan ya zo wajena leburanci. Ni ne Jibirilu, wanda duk unguwannin Nima da Maamobi aka sani da aikin bulo. Kwaɓa siminti kawai nake sa shi.

A 1961 Hajiya Fulera mai atamfa ta sayi fili a gangaren dutsen Aburi, tana son gidan shan iska. Ta kai ni in gani, Issifu na riƙe min igiyar awo. Filin duk dutse ne, shimfiɗe hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Na ce a fasa, a baje, a kawo bulo.

Sai gogan naka ya tsuguna, ya zuba ruwan buta a kan dutsen, ya bi shi da ido.

"Masta, kar a fasa," in ji shi. "Dutsen nan yana da kwanciya. Duba inda ruwa ke bi. In an tare hanyan shi, ɗaki zai shigo."

Hajiya ta ce, "To kai, yaya za ka yi?"

Ya yi mata bayani. A gabana, ina tsaye, ta ba lebura aikin. Na yi murmushi, amma raina ya ɓaci ƙwarai.

Wata takwas yana can. Babban dutsen ya bar shi ya zama bangon baya. Sauran ya tsaga su bisa jijiyarsu, ya kwantar da kowanne yadda ya same shi kwance. Matakala ma ba ginawa ya yi ba, sassaƙewa ya yi. Ni kuwa ina Nima ina gaya wa kowa damina ɗaya ta isa ta rusa gidan.

Da ruwa ya sauka sosai, na hau mota takanas in ga ɓaraguzai. Na tarar da ɗakuna a bushe, ruwa na zagayawa ta bayan gida yana gangarawa cikin ayaba da gwaza. Gidan ya yi kyau. Kishi ya hana ni cin abincin da Hajiya ta kawo.

Abin da ya fi ƙona min rai, duk wanda ya yaba, sai Issifu ya ce, "Masta Jibirilu ne ya koya min." Ban koya masa komai ba, amma ban taɓa musawa ba.

Bayan sallar layya wani Alhaji ya same ni a gaban jama'a, ya ce shi ma ya sayi fili a can, yana son in gina masa gida irin na Hajiya, don gara malamin da ɗalibin. Na ce to.

Kwana uku ina kai da kawowa a tsakar gida, don ni ban san kwanciyar dutse ba. A na huɗu na sa hula, na je ƙofar ɗakin Issifu, na yi sallama.